Ciwon sukari a ƙauyen da ba lantarki

A ƙauyenmu da ke gefen Gumel, ciwon sukari ya koya mini lissafin tuwo: malmala ɗaya ta dawa, miyar kuka da yawa, shi ke nan. Fura kuwa sai dai ba sukari, ita ma kaɗan.

Allurar insulin, maganin da ke rage sukari a jini, ita ce babban aiki, don zafin bazara yana lalata ta. Ina sa ta a ƙaramar tukunya cikin babba, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, a inuwa.

Ba na zuwa gona sai da dabino a aljihu. Da zarar jiri da gumi sun taso, na san sukari ya faɗi, sai in ci dabinon ya ɗaga shi. Uwargida kullum sai ta ce, "Malam, takalminka!" Tana da gaskiya, ƙaya takan soki ƙafata ban ji ba, kuma miki ba ya saurin warkewa.