Ranar da allurar haƙori ta tayar wa wani dattijo zuciya

Ranar kasuwa ce, layi ya kai har baranda, ni kaɗai a ɗakin haƙori. Wani dattijo da zai kai shekara 65 ya shigo dafe da kunci, haƙorinsa na ƙasa can ciki ya ruɓe, kwana uku bai runtsa ba. Na tambaye shi ko yana da wani ciwo. Ya ce, "Lafiyata ƙalau, ɗana, ka dai raba ni da wannan masifa." Na karɓi maganar yadda ya ba ni.

Allurar da muke kashe wuri da ita lidoken ce, an gauraya ta da adiranalin, sinadarin da jiki ke zubowa in an tsorata, mai sa zuciya bugu da sauri. Lidoken ita kaɗai buɗe jijiyoyin jini take yi, nan da nan jini ya kwashe ta. Adiranalin ne ke matse su, maganin ya zauna, zubar jini ta ragu. Tun muna makaranta ake nanata mana cewa kafin ka tura, ka ɗan ja sirinji baya ka ga ko jini zai biyo, domin a can ƙuryar muƙamuƙi jijiyar jin zafi da ake nema tare take tafiya da jijiyoyin jini, in jini ya biyo ke nan allura ta shiga ɗaya daga cikinsu. Ranar ban ja ba. Idona na kan layi.

Minti ɗaya bai cika ba sai na ga yatsunsa suna rawa a kan hannun kujera, gumi ya keto masa a goshi. Ya dafe ƙirji ya ce, "Likita, kamar an ɗora min buhun hatsi." Na kama wuyan hannunsa, bugun ya haura 120 a minti. Na ajiye komai, na sa masa oksijin, na aika a kira likitan ɗakin gaggawa. Allah ya taimake mu adiranalin ba ya daɗewa a jini. Kafin minti goma ya fara dawowa daidai. Sai a lokacin ɗansa ya ce ai Baba yana shan maganin hawan jini in ya ga dama, kuma ya jima yana tsayawa hutu a hanyar masallaci saboda nauyin ƙirji.

Kwalbar allurar mililita 1.8 ce, adiranalin ɗin cikinta bai wuce maikurogiram 18 ba. Abu ɗan mitsitsi, amma ya shiga jini kai tsaye. Abin da na sani a takarda ban taɓa ɗauka da gaske ba shi ne, naman zuciya, musamman ɓangaren hagu, yana samun mafi yawan jininsa ne a ɗan sakin da take yi tsakanin bugu da bugu. In bugu ya yi sauri, wannan hutun ne ke gajarta. Ga aiki ya ƙaru, ga abinci ya ragu. Saurayi zai ji faɗuwar gaba kawai ya wuce. Wanda jijiyoyin zuciyarsa suka riga suka tsuke kuwa, nauyin ƙirji zai ji.

Ita ma lidoken ba kanwar lasa ba ce. In ta yi yawa a jini, sai leɓe ya mutu, kunne ya ɗau ƙara, a ji ɗanɗanon ƙarfe a baki, daga nan jijjiga, zuciya ta yi sanyi, jini ya faɗi. 'Yar'uwarta bufibaken ta fi ta haɗari ga zuciya. Tun 1979 wani likitan Amurka, George Albright, ya ja kunne a kan tsayawar zuciya bayan ta shiga jini.

Da farko na yi niyyar daina amfani da mai adiranalin ga tsofaffi gaba ɗaya. Wani babba a aikin ya ce min wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago: allura in ba ta kama ba, zafi da tsoro su ma adiranalin suke sa jiki ya zubo. Mai ciwon zuciya dai a tsaya a maikurogiram 40 na adiranalin, wato kwalba biyu, a tura a hankali.

Yanzu ba na tambayar "kana da ciwo?" Cewa nake, "Baba, in kun yi tafiya mai ɗan nisa kuna tsayawa? Wane magani ke aljihunku?" Sannan in auna jini.

Baba ya dawo bayan mako uku da takardar likitan zuciya. Na ja sirinji sau biyu kafin in tura, kwalba ɗaya ta ishe mu. Ya nemi in naɗe masa haƙorin a takarda, wai zai nuna wa jikokinsa.