Tambaya ɗaya ta sa na sayi waya da kuɗin aljihuna

Bara ne ƙungiyar matasan unguwarmu ta ɗora mini shirya kacici-kacicin finafinai na washegarin Sallah. Hayar lasifika, aron bencina daga makarantar firamare, neman izinin mai unguwa, duk wannan ya tafi salin alin, ba sai na ɓata muku lokaci a kai ba. Tambayoyin da na fara jefawa ma ba su ba ni matsala ba. A wace shekara aka kafa hukumar tace finafinai ta Kano? 2001. Wace mujalla ce ta raɗa sunan Kannywood? Tauraruwa, a 1999. Da na ƙara da cewa sunan ya girmi Nollywood da shekara uku, sai wuri ya kaure da tafi, har na fara jin kaina wani abu.

Babbar kyauta waya ce, sabuwa a kwalinta, kuma na ajiye mata tambayar da nake ganin ta fi kowacce sauƙin yanke hukunci: wane fim ne na farko a finafinan Hausa? A takardata na rubuta Turmin Danya, 1990, na ƙungiyar Tumbin Giwa. Wani yaro ya ɗaga hannu ya faɗi haka daidai, har da shekarar. Na ɗauki kwali zan miƙa masa ke nan, sai wata ɗaliba daga bencin mata ta miƙe ta ce, "Yaya, ba haka ba ne." Ta ce Shehu Umar ya riga shi da shekara goma sha huɗu: Adamu Halilu ya shirya shi a 1976, daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ban gama haɗiye wannan ba sai ga wani dattijo, tsohon malamin makaranta, ya doka sandarsa a ƙasa. "Kai yaro, an haife ka lokacin da motar majigi ke tsayawa a ƙofar hakimi?" Shi Baban Larai yake nufi, wanda aka riƙa nuna wa manoma a shekarun 1950 don a koya musu noman auduga. Can baya wani ya ƙwala, "To Samanja fa?" Kafin ka ce kwabo kowa ya zaro wayarsa yana lalube a intanet, kowa kuma ya samo abin da ya goyi bayansa.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ban da mai Samanja, wanda nasa wasan talabijin ne, babu wanda ya yi ƙarya. Turmin Danya shi ya buɗe kasuwar kaset ɗin bidiyo, wadda ita ta haifi masana'antar da muka sani. Shehu Umar fim ne na silima, irin wanda ake ɗauka a faifan majigi, ba don a sayar da shi a shagunan kaset aka yi shi ba. Baban Larai kuma aikin wayar da kai ne na gwamnati tun zamanin Turawa. Amma ku je kowace majalisa ku ce Turmin Danya ne na farko, ba wanda zai ɗaga kai daga kofin shayinsa. Sai an ɗora waya a kan tebur kowa ke zama farfesa. Kuma da na tambayi yaron da ɗalibar ko sun taɓa kallon abin da suke jayayya a kai, babu ko ɗayansu. Dattijon ne kaɗai ya gani da idonsa.

'Yan kwamiti, waɗanda suka cika bencin gaba lokacin rabon lemo, sai suka zame ɗaya bayan ɗaya. Ma'aji ya raɗa mini a kunne cewa waya ɗaya asusu ya saya. Yaron ya riga ya ɗora hannu a kan kwali, ita kuma ɗalibar iyayenta mata na tsaye a bayanta. Na ba yaron, na yi mata alkawarin tata, washegari na shiga kasuwa na sayo da kuɗin da na ware wa ɗinkin yara. Dattijon ya ce shi ba ya son komai, in dai zan faɗa a lasifika cewa nasa ya girmi duka. Na faɗa, har sau biyu, don ya ce bai ji na farkon ba.

Duk mai shirin yin irin wannan, ka yi wa tambayarka shinge ta kowane ɓangare. Ka ce "fim ɗin Hausa na kaset ɗin bidiyo", ka ambaci gari, ka ambaci zamani. Kada mai karanta tambaya ya zama shi ne alƙali. Ka zaunar da dattijon da ake jin kunyarsa a gefenka, a sanar tun da wuri cewa hukuncinsa shi ne ƙarshe. Babbar kyauta kuwa kada ka kuskura ka ɗora ta a kan tarihi. Ka sa ta a kan cigiyar muryar jarumi ko ƙarasa baitin waƙa, inda amsa ɗaya ce tak. Ni dama finafinan kaset na farkon shekarun 2000 sun fi kwanta mini a rai a kan masu dogon zangon nan na YouTube, da za a yi mako uku ana sallama a ƙofar falo, kuma waƙoƙinsu kaɗai sun isa a cika gasa guda.

Bana tsohon malamin ne alƙalinmu, ya ma aiko jikansa da tambayoyinsa a takardar littafin makaranta. Kuɗin wayata kuwa, ma'aji ya ce sai kwamiti ya zauna. Kwamitin bai zauna ba tukuna.