Ƙarfe 2 na dare a gidan tsofaffi

Salam 'yan uwa, ku yi haƙuri na daɗe ban leƙo ba, aikin dare ne ya sa ni gaba. Yanzun nan na shigo, awa 12 a tsaye daga 8 na dare zuwa 8 na safe, ƙafafuna kamar ba nawa ba, amma barci ya ƙi zuwa saboda wayar da muka yi da Umma shekaranjiya, shi ne na ce bari in zo in amayar da abin da ke cikina.

Waɗanda suka san ni sun san tun 2022 nake Ingila, shekarar da suka buɗe bizar masu kula da tsofaffi muka yi ta kwararowa, mu 'yan Najeriya da 'yan Zimbabuwe da Indiyawa. An rufe wannan ƙofar tun Yulin 2025 fa, don haka masu turo min saƙo wai wani ejan ya ce a kawo miliyan kaza, ku riƙe kuɗinku. Gidan da nake aiki irin mai nas ne dare da rana, don gidajen kala biyu ne, akwai wanda taimakon wanka da abinci da sa kaya kawai ake yi, akwai irin namu da ake kawo masu shanyewar ɓarin jiki da masu gigin tsufa da waɗanda ake ba abinci ta roba.

Umma har gobe ba ta yarda da aikin nan ba. Duk wayar da za mu yi sai ta ce "wai ke har yanzu kina gidan nan da ake zubar da iyaye?" Ni ma da wannan tunanin na zo, kuma ba zan ce ya fita daga raina gaba ɗaya ba, akwai tsohon da tun da na fara aiki ban taɓa ganin wanda ya zo gaishe shi ba. Amma akwai dattijon da kullum ƙarfe 10 na safe yana nan da jaridarsa a gefen matarsa wadda ba ta ma gane shi yanzu. To ka ga ba a taru an zama ɗaya ba.

Satina na farko dariya dokokinsu suka riƙa ba ni. Kafin ki sa mutum a bahon wanka sai kin tsoma ma'aunin zafi kin rubuta, kar ruwan ya wuce digiri 44. Taga ba ta buɗuwa fiye da santimita 10, ko hannu da ƙyar yake fita. Na'urar da muke ɗaga mutum da ita daga gado duk wata 6 sai injiniya ya zo ya duba ya manna sitika, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya yi aiki da ita ba sai biyu. Shayi kuwa, wasu sai an zuba masa wani gari ya yi kauri kamar kunun gyaɗa, har lamba aka sa wa kaurin abinci da abin sha daga 0 zuwa 7, kowa da tasa a rubuce a fayil ɗinsa, in kika ba mai lamba 4 burodi kin jawo wa kanki. Na ce oh ni, Turawa da son takarda. Sai da wata rana wata tsohuwa ta ƙware a gabana da ruwan da jikarta ta ba ta cikin tausayi, ruwa tsiriri a kofi, na ga fuskarta ta canja kala nas ta rugo da gudu, Allah Ya taimaka ta dawo. Daga ranar ban ƙara yi wa garin nan dariya ba.

A hankali na gane kusan kowace doka a nan sai da wani ya mutu aka kafa ta. Ranar 31 ga Janairun 2004 gobara ta tashi da asuba a wani gidan tsofaffi mai suna Rosepark kusa da Glasgow a Sikotilan, wayar lantarki ce ta haddasa a cikin wani ɗan sito, wutar ma ba wata babba ba ce, hayaƙi ne ya bi baranda ya shiga ɗakunan da ƙofofinsu suke buɗe, ma'aikata kuma suka tsaya neman inda wutar take kafin su kira 'yan kwana-kwana. Mutum 14 suka rasu. Shi ya sa yanzu in tsohuwa ta ce min a bar mata ƙofa a buɗe tana tsoron duhu, ba ni da ikon tokare ƙofar da kujera, akwai ɗan ƙarfen da yake riƙe ta, da ƙararrawa ta kaɗa zai sake ta ta rufe da kanta. Duk sati sai an gwada, tsofaffin su yi ta mita.

Hukumar da ke sa ido a kan gidajen a Ingila CQC ake kiranta, tun 2009 take aiki. In sun zo, yawanci ba sanarwa, abu biyar suke dubawa: ko mutane suna cikin aminci, ko kulawar tana amfani, ko ana nuna tausayi, ko ana biyan buƙatar kowa yadda yake so, da kuma shugabancin gidan. Sai su ba da maki cikin hawa huɗu, daga wanda ya yi fice, sai mai kyau, sai wanda ke buƙatar gyara, sai wanda ya faɗi warwas, kuma dole a manna sakamakon inda duk mai shigowa zai gani. Namu yana nan a bakin ƙofa cikin gilashi, mai kyau, manaja har goge shi take yi.

Amma fa kar takardar nan ta ruɗe ku. Akwai gidan Orchid View a Sussex ta Yamma, na kamfanin Southern Cross wanda ya durƙushe a 2011, an taɓa ba shi makin mai kyau, daga baya a 2013 mai binciken musabbabin mutuwa ta yanke cewa sakaci ya taimaka wajen mutuwar mutum 5 a ciki, kuma wata ma'aikaciyar ofis ce ta tona asirin bayan an ce ta yayyaga takardun magani. Sannan a 2024 rahoton Dakta Penny Dash ya nuna ita kanta hukumar ta yi rauni, wasu wuraren makinsu ya shekara da shekaru ba a sake zuwa an duba ba, har ministan lafiya na lokacin, Wes Streeting, ya fito ya ce ba ta iya aikin da aka kafa ta domin shi. Don haka ni in za ki kai naki irin gidan nan, karanta takardar, amma ki zo da yamma ba tare da kin faɗa ba, ki shaƙi iskar baranda, ki ji minti nawa ƙararrawar kira take yi kafin wani ya amsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan ma'aikata. Dokar 2014 cewa ta yi a samar da isassun ma'aikata ƙwararru, ba ta faɗi adadi ba, isassu kawai, kowane gida shi zai yi lissafinsa. Mu da dare nas ɗaya ce da mu uku a kan mutum 40 da 'yan kai. Akwai waɗanda duk awa 2 sai an juya su don kar gyambon kwanciya ya kama su, akwai na awa 4, kuma juyi aikin mutum biyu ne. To mu biyu muna ɗaki ɗaya hannunmu dumu-dumu, ta ukun tana sama wajen wani dattijo da ya tashi ya sa takalmi wai zai tafi aiki ma'aikatar da aka rufe tun kafin a haife ni, nas tana rabon magani, sai ga ƙararrawa daga ɗaki na ƙarshe. Wa zai je? A nan ne shaiɗan yake raɗa miki cewa ai fom ne kawai, sa hannu ki wuce. Na taɓa ɗaukar fom ɗin juyi, wanda muke cikewa duk lokacin da aka juya mutum, ƙarfe 3 na dare na ga an riga an cike shi har zuwa 6 na safe, dama, hagu, baya, tsaf da rubutu mai kyau. Na daɗe a tsaye da shi a hannu wallahi, don wadda ta cike 'yar uwa ce baƙar fata irina, bizarta a hannun masu gidan take kamar tawa, kuma na san ba mugunta ba ce gajiya ce. Na dai kai wa nas. Wata biyu ba ta gaishe ni ba. Har yau in na tuna ba na jin daɗi, amma da idona na ga jan tabon da ya fara fitowa a ƙugun tsohuwar mai fom ɗin, irin wanda in kin danna da yatsa ba ya yin fari.

Tabon nan na san shi tun kafin in zo ƙasar nan, sunansa ne ban sani ba. Kakarmu a Zariya ta yi shekara biyu a kwance, gida cike da mutane, 'ya'ya da jikoki da surukai, ba ta taɓa kwana ita kaɗai ba, kowa da irin furar da yake dama mata. Amma gyambo ya ci bayanta har ƙashi, muna ta shafa zuma da man zaitun da habbatus sauda muna cewa jinya ce ta yi tsawo, ba wanda ya taɓa ce mana nauyin jikinta ne yake danne fatar jini ya kasa zuwa, ba wanda ya ce a riƙa juya ta. Ranar da aka koya mana wannan a aji sai da na fita banɗaki na yi kuka.

Abin da ya kawo wayar shekaranjiya kenan. Goggo ta samu shanyewar ɓarin jiki, an sallamo ta daga asibiti tana gida a kwance. Na kira ƙanwata a WhatsApp mun kai minti 9, na ce ku juya ta duk awa 2, ku sa filo tsakanin gwiwoyinta, dugaduganta kar su taɓa katifa, ku duba ƙugu da kafaɗa da bayan kunne kullum, kar a bar ta cikin lema, kar a ba ta ruwa ko koko tana kwance sai an tayar da ita zaune, in tana tari lokacin sha a koma wa likita. Na ce ta samo littafin makaranta ta ja layi, lokaci, ɓangare, sunan wanda ya juya. Umma tana gefe ina jin ta tana cewa "yau ga ikon Allah, yanzu jinyar ma sai da rajista?" amma dai ba ta hana ba.

Can sai ƙanwata ta turo: "Yaya na ji duk, na rana ba matsala, to na ƙarfe 2 da na 4 na dare wa zai tashi? Ni ina da makaranta." Na kalli saƙon na yi shiru, don tambayar da nake wa manajarmu kenan duk wata a mitin. Mun dai raba kwanakin tsakanin mutum huɗu, ni kuma tunda idona biyu a lokacin, na ce zan riƙa bugo waya in tashe su. Jiya na buga sau uku kafin a ɗauka.