Turbo a a-kori-kurar da aka sauya wa inji: abin da garejinmu ke dubawa

Garejinmu ƙarami ne, kuma yawancin aikin da ke shigo mana iri ɗaya ne. A kawo a-kori-kura mai lafiyayyen shasi wadda injinta na fetur ya gaji, mu ciro shi mu ɗora na dizal, sannan mu zaɓa masa turbo da zai dace da shi. Ɗora injin aikin ƙarfi ne, na awo da walda da ƙera kujerun inji. Zaɓen turbo kuwa aikin tunani ne, kuma a nan muka fi yin gardama da masu motoci. Kusan duk wanda ya zo maganarsa ɗaya ce: "Maigida, a saka min babba." Ni kuma kafin in taɓa sifana nakan tambaye shi me motar za ta riƙa ɗauka, a wace irin hanya, kuma da wane gudu.

Dalilin tambayar yana cikin yadda abin ke aiki. Turbo farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙin da ke fita daga inji da zafi da ƙarfi shi ke juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke zuƙo iska ta matsa ta ta cusa wa injin. Tun 1905 wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar wannan dabara, kuma har yau tushenta bai sauya ba. Sandar takan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, tana yawo a kan siririn baƙin mai. To amma iska kaɗai ba ta ƙara wa injin dizal ƙarfi. Mai ne ke ba da ƙarfi, iska kuma ita ke sa man ya ƙone tas ba tare da ya bar baƙin hayaƙi da zafin da zai narka fistan ba. Idan ka ƙara iska ba ka ƙara mai ba, ba ka samu komai ba sai ƙara. Idan ka ƙara mai ba ka ƙara iska ba, ka kama hanyar kashe injin.

Shi babban turbo yana buƙatar hayaƙi mai yawa kafin ya farka. Injin da ke juyi a hankali, da kaya a bayansa, yana hawan tudu, ba shi da wannan hayaƙin. Sai direba ya taka totur, famfo ya zuba mai, iska ba ta iso ba, baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayan mota, zafi ya hau. Can bayan daƙiƙu sai turbo ya kama, motar ta zabura lokaci ɗaya. Wanda ke wasan tsere zai iya jure wannan, domin shi kullum injinsa a sama yake. Mai ɗaukar kaya kuwa yana rayuwa ne tsakanin juyi 1,400 zuwa 2,200 a minti, kuma a nan yake son motarsa ta amsa.

Injin da aka fi kawo mana a yi wannan aiki da shi shi ne Cummins. Akwai 6BT mai silinda shida, lita 5.9, wanda kamfanin Dodge na Amurka ya fara sakawa a motarsa Ram a 1989 da ƙarfin doki 160. Akwai ƙanensa 4BT mai silinda huɗu, lita 3.9, wanda asalinsa na motocin rarraba kaya ne da injinan gini. Masu sauya inji suna son su ne saboda tsofaffin ba su da kwamfuta, famfon mansu na Bosch da ƙarfe da sifirin yake aiki. Wanda ya fi suna shi ne P7100 da ya zo a 6BT daga 1994 zuwa 1998, domin yana iya zuba mai fiye da abin da turbo na asali zai iya ciyarwa. Wannan sauƙin shi ne kuma haɗarin. Da ɗan juyi kaɗan a famfo mutum zai ninka man da ke shiga, ya ji motar ta yi ƙarfi, bai san abin da ke faruwa a cikin silinda ba.

A kan 6BT, turbo ɗin Holset HX35 da ya zo da shi ya ishi mafi yawan masu kaya, kuma ina faɗa musu haka ko da hakan zai rage min ciniki. Yana farkawa da wuri, kayansa ba sa wuyar samu, kuma yana da sauran ƙarfi a ajiye sama da inda kamfani ya tsayar da shi. Idan ana son ƙari kaɗan, HE351CW da ya zo a injinan 2004 zuwa 2007 yana ba da iska fiye da shi ba tare da ya yi nauyin tashi ba, sai dai bakin salansarsa daban ne, dole a ƙera masa bututu. Amma ka ɗauki wannan HX35 ɗin ka ɗora wa 4BT, sai ka ga ya yi kasala a ƙasa, domin silinda huɗu ba sa fitar da hayaƙin silinda shida. A kan 4BT na fi son HX30 ko wani ƙarami mai kama da shi.

Wani abin da ke ba yaran gareji mamaki shi ne injin Mercedes OM606, wanda lita 3 ne kacal, yana jan HX35 lafiya lau. Amsar tana cikin lissafi. Iskar da inji ke sha ta dogara ne da girmansa da kuma saurin juyinsa. Lita 3 da ke kaiwa juyi 5,000 yana shan iska kusan daidai da lita 5.9 da ke tsayawa a 2,500. Saboda haka ba girman inji kawai ake dubawa ba. Duk da haka ina gargaɗin mai shi cewa ƙarfin OM606 a sama yake, idan aikinsa jan tirela ne a ƙananan giya ba zai ji daɗinsa kamar Cummins ba.

Inda na fi taka-tsantsan shi ne injinan da aka ƙera su ba turbo, kamar Toyota 1HZ mai lita 4.2. Inji ne mai juriya, amma matsinsa, wato yadda fistan ke matse iska a cikin silinda, ya kai wajen 22 da 1, kuma man ba ya shiga silinda kai tsaye, yana fara ƙonewa ne a wani ɗan ɗaki a cikin kan inji. Ɗan'uwansa 1HD-T da kamfani ya yi shi da turbo tun farko, an rage masa matsi zuwa ƙasa da 19 da 1, an kuma sauya masa fistan da hanyar shigar mai. Wannan bambancin ba ado ba ne. Ana iya saka wa 1HZ turbo ya yi shekaru, muddin an tsaya a matsin iska kaɗan, ni ba na bari ya wuce bar 0.7 a gejin matsi, kuma an yi rowar mai. Wanda ya nemi ƙarfin 1HD-T daga 1HZ, tsagewar kan inji ko fistan ce ke jiransa. Idan mai mota ya nace sai an yi masa haka, nakan ba shi haƙuri in ce ya kai wani wuri.

Babu motar da ke fita daga garejinmu ba geji biyu a gaban direba: na matsin iska da na zafin hayaƙi. Na biyun ya fi muhimmanci. Muna huda manifol, wato bututun da ke tara hayaƙi daga silinda, mu dasa ma'aunin kafin turbo, ba bayansa ba, domin hayaƙi yakan zubar da zafi mai yawa wajen juya farfela, kuma ma'aunin da ke bayan turbo zai nuna maka lamba mai kwantar da hankali alhali fistan na dahuwa. Ƙa'idar da muke bi ita ce kada zafin ya zauna sama da digiri 680 na Salsiyos na tsawon lokaci. Ya leƙa sama na 'yan daƙiƙu wajen wuce wata mota ba laifi. Ya zauna a can tun daga gindin tudu har ƙolinsa, wannan ne ke kashe inji. Gejin zafin ruwa ba ya gaya maka wannan sai bayan ɓarna ta riga ta auku. Nakan zaunar da direba in nuna masa cewa idan allurar ta hau, ya sassauta totur ko ya sauko giya ɗaya. Saukowa giya yana ƙara juyi, juyi ya ƙara iska, zafi ya sauka nan take.

Lokacin gwaji muna ƙara geji na uku na ɗan lokaci, wanda ke auna matsin hayaƙi a manifol. Mutane da yawa ba su san da shi ba. Idan turbo ya yi wa injin ƙanƙanta, ko an tura shi fiye da iyakarsa, hayaƙi yakan rasa hanyar fita ya taru, har matsinsa ya ninka na iskar da ke shiga. Gejin iska zai nuna lamba mai kyau, amma injin yana shaƙe kamar mai gudu da aka toshe wa hanci. Abin da muke nema shi ne matsin biyu su yi kusa da juna. Idan sun yi nisa, sai mu sauya gidan farfelar hayaƙi zuwa mai faɗi, ko mu daidaita ƙofar da ke sakin rarar hayaƙi ta buɗe da wuri. Toshe tiyon wannan ƙofa don a ga geji ya hau, dabara ce da nake gani a motocin da ake kawo mana, kuma ba ta haifar da komai sai iska mai zafi da turbo mai gajeren kwana.

Iska idan aka matsa ta zafi take yi, kuma iska mai zafi ba ta da nauyi. Shi ya sa intakula, wato abin da ke sanyaya iskar kafin ta shiga inji, ya zama dole da zarar matsi ya fara yawa. Matsalarsa a motar da aka sauya wa inji ita ce wuri. 6BT dogo ne, nauyinsa ya kusa kilo 500, kafin ka gama zaunar da shi da lagireto da fanka, gaban motar ya cika. Wani lokaci kwanaki muke yi muna matsar da abu kaɗan kaɗan don a samu inda iska za ta ratsa intakula ta kuma isa lagireto. Bututu kuma kowane lanƙwasa yana cin matsi, kuma kowane baki sai an yi masa ɗan tudu a gefe, in ba haka ba tiyo zai fice a tsakiyar hanya.

Galibin turbo da ake kawo mana a ce ya lalace, ba shi ne mai laifi ba, baƙin mai ne. Man yana shiga da matsi ta sama, amma komawarsa cikin inji gangarowa kawai yake yi. Bututun komawar dole ya zama mai faɗi, ya gangara ba tare da ya kwanta ko ya lanƙwashe ba, ya kuma shiga sama da inda mai ke tsayawa a kasko. A motar da aka sauya wa inji, sau da yawa shasi ko sitiyari ne ke tare hanyar, sai wani ya zagaya da tiyo yadda ya samu. Mai ya taru a cikin turbo, ya ɓulla ta salansa da shuɗin hayaƙi, ko ya bi iska ya shiga inji. Na biyun abin tsoro ne, domin injin dizal yana iya shan baƙin mansa ya yi ta gudu ko an kashe makulli, ba ya tsayawa sai an toshe masa iska. Haka kuma kashe inji nan take bayan doguwar tafiya da kaya yana dafa man da ya rage a boris. Minti biyu a tsaye yana aiki a hankali ya wadatar.

Akwai masu tambayar turbo mai sauya faɗin maƙogwaro, irin HE351VE da ya fara zuwa da injin Cummins mai lita 6.7 a 2007. Ina son shi ƙwarai, domin a ƙasa yana aiki kamar ƙarami, a sama kamar babba, kuma idan aka tsuke shi a gangara yana riƙe mota ya hutar da birki. Amma da lantarki ake sarrafa shi, tsohon inji kuma ba shi da kwamfutar da za ta ba shi umarni, sai an saka masa tasa daban. Ga kuma toka da ke maƙale masa idan motar ta cika zama tana aiki a tsaye. Haɗa turbo biyu, ƙarami da babba, babban na ciyar da ƙaramin, shi ma yana ba da sakamako mai kyau ga mai jan kaya masu nauyi sosai, sai dai matsin yakan kai inda dole a sauya kusoshin kan inji da masu ƙarfi, in ba haka ba gasket ba zai riƙe ba.

Sauran motar ma tana da haƙƙi. Giyabos da kuloci da aka yi don injin fetur ba su san irin bugun dizal a ƙananan juyi ba, kuma kowane ƙarin iska da mai a kansu yake sauka. Giyar aksul ita ma sai an duba, domin injin fetur yana jin daɗi a juyi 3,000 a babbar hanya, alhali 4BT a nan ya riga ya ƙure. Sau da dama maganin motar da mai ita ke cewa ba ta da gudu shi ne sauya giyar aksul ko girman taya, turbo bai shigo ciki ba sam. Sannan dokar hayaƙi ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, akwai inda aka hana saka injin da ya girmi motar, don haka nakan ce a bincika kafin a sayi inji.

Gwajin ƙarshe ba ma yin sa da mota fayau. Muna loda mata nauyin da mai ita ya ce zai riƙa ɗauka, mu nemi tudu mai tsawo, ni a sitiyari, babban yarona a gefe yana karanta geji yana rubutawa. Idan ya ce, "Maigida, ta haura 700," sai mu dawo mu rage mai a famfo ko mu ƙara ƙarfin sifirin da ke jinkirta mai har iska ta iso, mu sake hawa. Sai allurar ta tsaya ƙasa da 680 har ƙolin tudun, kuma madubi bai nuna baƙin hayaƙi ba, sannan mu ɗaure notin famfo mu shafa masa fenti, mu kira mai mota ya zo ya karɓi makullinsa.