Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: Akwatin Baba

Makon jiya na tsaya a kan shigata makarantar boko a Damagaram. Yau zan buɗe muku akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon Baba, wanda ko Inna ba ta isa ta taɓa ba.

A watan Maris na 1965, ina ɗan shekara goma, rediyo ya ce sojojin Amurka sun sauka a Da Nang, wani birni a ƙasar Vietnam. Baba ya kashe rediyon, ya yi shiru har aka kira isha'i. Da muka dawo masallaci sai ya jawo akwatin. Lambar yabo ce a ciki, da takardar sallama, da wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa.

"Zauna, ɗana," in ji shi. "Ƙasar nan na san ta."

Faransawa suka ɗauke shi soja, suka kai shi Indoshin, yankin mulkin mallakarsu da ya haɗa da Vietnam, a 1952, yana gadin wani ƙaramin bariki a fadamun Tonkin da ke arewacin Vietnam. Ya ce da rana mutanen wurin manoma ne, da malafa a ka, ruwa har gwiwa suna dashen shinkafa. Da dare su ne Viet Minh, mayaƙan neman 'yanci daga Faransa. Abin da ya fi tsaya masa a rai lasifikarsu ce, da takardun da suke watsa wa sojojin Afirka: ku ma ana mulkinku, me kuka zo nema? Baba ya san aikin tilas, don ƙanen mahaifinsa ya tafi fasa dutsen hanya bai dawo ba. Har ya koma ga Allah bai samu amsar tambayar nan ba.

Bai je Dien Bien Phu ba, kwarin da Faransawa suka kafa babban sansani, amma abokansa sun je. Mutanen Janar Giap, kwamandan Viet Minh, suka ja igwa da igiya har kan duwatsu, suka yi dakon shinkafa a kan kekuna, suka kewaye kwarin tun 13 ga Maris har sansanin ya faɗi ran 7 ga Mayu, 1954. A lokacin ma Amurka ce ke biyan mafi yawan kuɗin yaƙin. A taron sulhu na Janeba aka raba ƙasar gida biyu, zaɓen da aka yi alkawarin gudanarwa a 1956 kuwa ba a yi shi ba.

Baba ya naɗe takardar, hannunsa na rawa. "Mutanen nan ba sa gajiya," ya ce. "Allah Ya yafe mini abin da hannuna ya yi a can."

Daren nan ban runtsa ba. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba ku labarin ranar da na raka shi karɓar fansho.