Faifan da Ba Ka Iya Riƙewa a Hannu

Kamfaninmu ƙarami ne, sana'armu kula da sabobin ƙananan ma'aikatu, wato kwamfutocin da ke riƙe musu bayanai da manhajoji. Yawancin sabobin nan ba ƙarfe ba ne da za ka taɓa. Inji ɗaya ne ke ɗauke da kwamfutoci da dama a cikinsa, kowace da Windows ko Linux ɗinta, faifan kowace kuwa, wato inda take ajiye bayananta, fayil ne kawai zaune a ma'ajiya. A cikinsa lissafin mai aiki yake, da wasiƙunsa, da bayanan abokan cinikinsa. In fayil ɗin ya salwanta, to komai ya tafi.

Kowace manhajar da ke gudanar da irin waɗannan kwamfutoci da irin fayil ɗin faifanta. VMware na amfani da VMDK, VirtualBox na da VDI, masu KVM da Proxmox kuma qcow2 ko raw, wato faifai tsirara ba wani ƙari. Microsoft ta gaji VHD daga Connectix a 2003, amma ba ya wuce terabait 2, shi ya sa ta fito da VHDX a Windows Server 2012. Wannan yana kai terabait 64, kuma yana da ɗan kundi a ciki da ke kare tsarinsa idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu.

Tun da Broadcom ta sayi VMware a ƙarshen 2023 ta daina sayar da lasisin dindindin, aikin ƙaura daga VMware zuwa wasu manhajoji ya yi mana yawa. Mai aiki zai kira ya ce, "Malam, a juya mana faifan nan mu koma Proxmox." Juyin ba shi ne wahala ba. Umarnin qemu-img convert, mai juya faifai daga wani iri zuwa wani, layi ɗaya ne, ka buga ka zauna kana jira. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin abin da aka miƙo maka.

Sau da yawa a kan sabar VMware faifan gida biyu ne: wani ɗan fayil na rubutu mai bayanin faifan, da babban mai ƙarewa da -flat.vmdk, wanda ainihin bayanan ke ciki. An taɓa kawo mana ƙaramin shi kaɗai a filashi, mai shi na murna wai kwafin bai ɗauki lokaci ba. Da na buɗe, layuka kaɗan ne, ɗaya yana nuna sunan babban fayil ɗin da aka baro.

Sinafshot, wato ɗaukar yanayin faifai a wani lokaci don a iya komawa gare shi, ya fi wannan cin rai. Mutane na ɗaukarsa ajiyar kwafi, alhali ba haka yake ba. Da zarar an ɗauka, asalin faifan ya daskare, duk sabon rubutu sai ya koma wani fayil, irin su -000001.vmdk a VMware ko AVHDX a Hyper-V ta Microsoft. A ɗauki na biyu, na uku, kowanne ya rataya a kan na bayansa kamar sarƙa. Wanda ya juya asalin faifan kaɗai zai samu kwamfuta ta tashi lafiya lau, sai dai bayananta na ranar da aka ɗauki sinafshot na farko ne, ƙila shekara guda baya. Wannan ya fi ƙin tashi haɗari, domin ba wanda zai lura sai akanta ya nemi rasitin jiya. Saboda haka kafin mu juya komai muna haɗe sarƙar ta koma faifai ɗaya, kuma sai mun tabbatar akwai fili, don haɗewar ma tana cin wuri.

Fili kuwa, faifan da ke girma a hankali yana ruɗar mutane. Za ka ba kwamfuta gigabait 500, fayil ɗin ya fara da abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a yi ta raba alkawarin da ya fi ƙarfin ma'ajiyar. Ranar da ta cika, duk kwamfutocin da ke kanta su tsaya cak lokaci guda. Goge fayiloli daga ciki ma ba ya rage girman faifan, sai an kunna discard, saitin da ke mayar wa ma'ajiya filin da aka goge.

Ni dai in ma'ajiyar mai tsarin ZFS ce ko LVM-thin, hanyoyin tsara ma'ajiya ke nan, raw nake sawa, tunda ita da kanta tana yin sinafshot. In folda ce ta yau da kullum, qcow2. Azure kuwa, sabobin haya na Microsoft ta intanet, VHD mai tsayayyen girma take karɓa, ko da VHDX ka zo sai ka juya shi.

Windows na da nata rigimar. In ba a saka mata direbobin VirtIO, wato ƙananan manhajojin da ke sa ta gane hanyar haɗa faifai ta Proxmox, kafin ƙaura ba, aka haɗa faifan ta VirtIO, shuɗin allo za ta nuna ta ce ba ta ga faifan tashi ba. Mukan fara tayar da ita ta SATA, hanyar haɗa faifai da ta riga ta sani, mu saka direbobin, sannan mu sauya. Tsohon faifan kuma ba ma goge shi sai mai aiki ya buɗe manhajar lissafinsa da hannunsa, ya ga shigarwa ta ƙarshe tana nan, ya sa hannu a takarda.