Gwajin PSA da na yi a Tawa

Yayana ya rasu da sankarar prostat. Sai da ta kama ƙashin bayansa sannan muka kai shi Yamai, kilomita sama da 500 yana kwance a bayan mota yana nishi. Bayan sadakar arba'in na je aka ɗebi jinina don gwajin PSA, wato awon wani sinadari a jini da kan nuna alamar ciwon prostat, ina da shekara 58, babu abin da ke damuna sai tsoro.

Takarda ta fito da 6,2. An saba ɗaukar 4 a matsayin iyaka, saboda haka na ninke ta na sa a aljihu, na yi mako biyu ban gaya wa uwargida ba. Ita ta gane da kanta. "Malam, tuwon nan kwana uku kana mayar mini da shi, me aka ce maka a likita?"

Likitan da na gani daga baya ya zaunar da ni ya zana mini prostat ɗin a bayan takardar magani: wani ƙullutu kamar goro a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarsa. Ya ce kumburin tsufa na ɗaga PSA, ƙwayoyin cuta ma haka, ba sankara kaɗai ba. A fitsarina an ga alamar cuta. Na sha magani, bayan mako shida aka sake, ya sauko 3,1.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tambayarsa: "Baba, da bai sauko ba, ka shirya wa abin da ke gaba?" Ban shirya ba. Sai a cusa allura ta dubura a tsinko nama wajen sau goma sha biyu, wani ya yi ta zubar jini, wani zazzaɓi ya kwantar da shi. In an samu sankarar, da yawa daga cikinta tafiyar hawainiya take yi, mutum ya tsufa ya mutu da wani ciwon daban. Amma wa zai ji sunanta ya zauna lafiya? Sai a yi fiɗa, fiɗar kuma kan bar namiji da ɗigar fitsari ko mutuwar gaba. Ni da nake limancin masallacin unguwa, ɗigar fitsari ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ya ce kwamitin likitocin Amurka a 2018 ya ƙiyasta cewa cikin maza dubu da ake gwadawa, mutum ɗaya ko biyu gwajin ke tserar wa daga mutuwa cikin shekara 13. Sun bar wa mai shekara 55 zuwa 69 zaɓi, mai 70 kuwa suka ce a ƙyale shi. Sai dai baƙar fata da wanda ɗan'uwansa ya yi ciwon sun fi shiga haɗari, ni kuwa na haɗa duka biyu.

Don haka zan ci gaba da gwaji, da idona a buɗe wannan karon. Kawuna mai shekara 79 da 'ya'yansa ke son ja zuwa gwaji, fitsarinsa lafiya lau, na roƙe su su fara zama da likita tukuna.